Harafi Saba'in da Huɗu a Bayan Kwali

Litinin, 15 ga Satumba, da hantsi

Da sunan Allah. Mai wannan rubutu shi ne Injiniya Dakta Alhaji Abdulmumin, Babban Sufeton Kwamfutoci na Gaya da Ajingi da duk inda sabis yake kaiwa. Muƙamin ya yi girman da ko shugaban ƙaramar hukuma ba a sanar da shi ba. Duk wanda ya ɗaga tabarmata ya ga littafin nan, to ofis ya shiga ba izini, ya mayar da shi yadda ya gan shi.

Na buɗe shi ne don binciken abin da ya faru a ɗakin gwajin jini na Alhaji Maiwada, wanda yake bayan tasha.

Tun ranar Asabar wasu hotuna uku suke yawo a wayoyin mutane. Hoton fuskar kwamfuta ne, baƙa ƙirin, da farin rubutu layi-layi kamar kunyoyin gyaɗa. Kowane layi sunan mutum ne, da garinsu, da abin da aka gani a jininsa. Wanda bai iya Turanci ba, akwai mai fassara masa a kowace majalisa, har da ƙarin gishiri.

Mai riƙe da kwamfutar wurin ita ce Yagana 'yar Goni. Shekararta uku tana aikin, ko allura ba a taɓa cewa ta ɓata a hannunta ba. Yanzu ita kowa yake kallo. Da safen nan ta sa hijabinta ta fita kamar kullum, amma kokon da Iya ta dama mata yana nan a bakin murhu, har ya yi fata.

Injiniya zai dakata a nan, ana jiransa a wani babban taro. A gonar gyaɗa za a yi shi.

Talata, 16 ga Satumba, bayan La'asar

Bari in yi wa marasa ilimin kwamfuta bayani, tunda Allah ya ɗora mini.

Sakamakon gwajin mutane ba a cikin kwamfutar Yagana yake kwana ba. Yana can wani rumbu a intanet, na Gaya da na reshen Ajingi duk a haɗe. Wanda ya haɗa abin wani ƙaramin abokin aikina ne daga Kano, Injiniya Mudassir, mai takalmi mai tsinin baki kamar kwalekwale. In Yagana za ta ciro sakamakon yini, wani baƙin allo take buɗewa a kwamfutar, ba hoto ba kala, sai wani ɗan fari yana ƙyafta ido. A nan ake rubuta dogon layi guda ɗaya. Cikin layin akwai adireshin rumbun, akwai sunanta, akwai kalmar sirri.

Ga inda matsalar take. A waya in kana sa kalmar sirri, ɗige-ɗige take komawa. A baƙin allon nan kuwa tsirara take zaune a tsakiyar layi, kamar an kulle ƙofa an bar makulli yana lilo a jikin kwaɗo. Kuma ba ta gogewa. Ko an kashe an kunna, da ka danna maɓallin kibiyar da ke kallon sama, layin jiya ya dawo cif, kamar ɗalibin da ya riƙe tilawarsa.

Ranar da Mudassir ya koya mata, wata huɗu ke nan, ta tambaye shi ko babu yadda za a ɓoye kalmar. Ya ce akwai, sai dai aiki ne ja, shi kuma yana so ya kama motar Kano kafin Magariba. Sai ya yi dariya ya ce:

"Malama Yagana, a Gayan nan wa zai kalli wannan ya gane? Ko a ƙofar tasha kika manna shi ba komai."

Akwai wanda yake tsaye a bakin ƙofa a lokacin, da kwanon abinci a hannu. Ba a amsa sallamarsa ba, ba a ma kalle shi ba. Bincikena ya nuna ya ji maganar nan sarai.

Laraba, 17 ga Satumba, da safe

Hajara mai waina ta ƙofar tasha ta tashi yau da rabin ƙullunta. Sunanta ne na tara a hoto na biyu. Ba zan rubuta abin da ke gaban sunan ba.

Direbobin da suke layi a gabanta kullum sun zagaya wajen mai shayi, kowa yana kallon ƙasa kamar ya yar da wani abu. Matar nan ita ce mai ƙara wa mutum waina ɗaya in ta ga ya gama yana lashe yatsa. 'Ya'yanta huɗu, da tandar nan take riƙe da su.

Injiniya ya je ya sayi waina fiye da cikinsa, ya zauna a bencinta ya ci a gaban kowa. Ta tambaye ni ko ban ji labari ba ne. Na ce na ji. Ta ci gaba da juya waina, can ta ce Allah ya yi mini albarka, ita dai ta san daga gidan Goni ba za a yi mata haka ba.



Alhamis, 18 ga Satumba, Azahar

Hadari ya haɗu, bai zubo ba. Yagana ta ci loma biyu ta ture kwanon.

Juma'a, 19 ga Satumba, bayan an sauko

Mudassir ya zo daga Kano. Ba a gayyace ni zaman ba, saboda hassada irin ta 'yan aiki ɗaya, sai na halarta ta bayan taga, kusa da janareta.

Ashe rumbun yana rubuta duk wanda ya shiga. Ya karanta musu: ranar Alhamis, sha ɗaya ga wata, an shiga sau uku da sunan Yagana, ba daga kwamfutar ɗakin gwajin ba, daga wani wuri dabam. Ba a yi kuskure ko sau ɗaya ba. Ya ce ba fasa ƙofa aka yi ba, da makulli aka shiga, kuma mutum biyu ne suka san makullin, shi da ita. Shi kuwa ranar yana Kano, yana da shaidu.

Yagana ta tuna masa cewa ta roƙe shi ya ɓoye kalmar. Ya ce shi bai tuna an yi haka ba. Sannan ya zauna ya canza ta, ya gyara yadda ba za ta ƙara bayyana a allon ba. Aikin nan da ya ce ja ne, kafin shayin da aka kawo masa ya huce ya gama shi.

Alhaji Maiwada bai ɗaga murya ba. Ya ce mutane sun fara zuwa masa gida, wasu suna maganar kotu. Ya ce ta ajiye makullan ofis ta zauna a gida tukuna. In ta tabbata ita ta bayar, shi ba shi da zaɓi, 'yan sanda zai miƙa ta.

Na ji ƙarar makullan a kan tebur. Na riga ta isa gida, na ɗauki fartanya kamar daga gona nake.

Asabar, 20 ga Satumba, bayan La'asar

Ya kamata in yi maganar wani yaro, don bincike ya cika.

Mus'ab, ƙanin Yagana, autan Goni. Shekararsa goma sha tara. Ban san shi sosai ba, gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Bai taɓa zama a bencin boko ba, allo ne kawai a zauren mahaifinsa, kuma ya haddace tun yana sha huɗu. Rubutun boko yayarsa ce ta koya masa da gawayi a jikin bango. Turanci kuwa ko zo in kashe ka bai sani ba.

Amma yana da wani abu. In ya kalli rubutu sau biyu, ya zauna ke nan, ko ya gane ko bai gane ba. Har ɗigo, har ƙaramin zane. A zaure haka aka koya masa: ka ɗauka daidai tukuna, ma'ana ta same ka daga baya. Goni yana alfahari da wannan, ko da yake a gabansa ba ya nunawa.

Halinsa ne dai sai addu'a. Shi ne ya kira Maikuɗi mai cajin waya da muryar kansila, ya sa shi ya yi wanka ya sa babbar riga ya tsaya a bakin titi har La'asar yana jiran mota. Shi ne ya ɗaure wa akuyar ladan hula. In gari ya yi shiru kwana biyu, sai a ce ko Mus'abu ba shi da lafiya.

An ce wata Talata, kwana huɗu kafin hotunan su fito, ya kai wa yayarsa fura a wurin aiki. An ce da aka kira Azahar, ta ce ya tsare mata wurin ta yi salla. An ce ya zauna a kujerarta mai juyawa. An ce ya juya sau uku. An ce baƙin allon yana buɗe, yatsansa kuma ya sauka a kan kibiya.

An ce. Ni ban gani ba.

Lahadi, 21 ga Satumba, da hantsi

Na je shagon Maikuɗi neman wani kwali.

Labarin kwalin shi ne: a yammacin wannan Talatar, gardama ta kaure a majalisar shagon, wai tsakanin 'yan boko da 'yan allo wa ya fi kai. Badruddeen, wanda ya yi difloma a kwamfuta a Kano ya dawo yana zaman jiran aiki, ya ce 'yan allo aku ne, abu ɗaya suka iya maimaitawa, a ba su wani rubutun a ga ƙarya. Aka yi dariya. Sai yaron nan ya yago gefen kwalin taliya, ya ari biron Maikuɗi, ya zana layin nan daga farko har ƙarshe. Harafi saba'in da huɗu, da ɗige-ɗigensa da 'yan sandunansa. Ya miƙa ya ce, to Malam Difloma, ja mana baƙi.

Badruddeen ya kalla, ya ƙara kalla. Majalisa ta ɗauki shewa. Yaron ya zaci ya ci gardama. Shi a ganinsa zane ya yi, kamar a kwaikwayi zanen hula. Badruddeen ya ɗauki hoton kwalin da wayarsa, wai zai je ya duba ko akwai kuskure. Yaron ya ce in ya samu ko ɗaya, zai goya shi har garin Kademi.

Ba a samu kuskure ba.

Maikuɗi ya ce kwalin mai ƙosai ta hura wuta da shi tuntuni. Na tambaye shi ko ya tuna abin da aka rubuta. Ya ce shi a shagon nan ba ya ganin komai sai caja, kuma yana da iyali. Bai kalle ni ba. Da na juya zan tafi ya ce Badruddeen yana Ajingi wajen kawunsa, tun ranar da hotuna suka fito.

Litinin, 22 ga Satumba, Azahar

Injiniya ba ya jin daɗin jikinsa. An rufe ofis.

Talata, 23 ga Satumba, bayan Azahar

Wani mutum ya zo daga ƙauyen Balan a kan babur, yara suna tsakiyar karatu. Dattijo ne, da ƙasar gona a ƙafarsa. Ya cire takalmi ya durƙusa ya gaida Baba Goni kamar mai neman addu'a. Da ma ihu ya yi.

Ya ce sunansa yana cikin hoton. Ya ce shi ko waya mai hoto ba shi da ita, jikansa ne ya zo yana kuka ya gaya masa. Yanzu in ya shiga sahu ana bar masa fili dama da hagu, butarsa ma an ware masa. Ya ce ba faɗa ya kawo shi ba, so yake kawai a tambayi yarinyar nan abin da ya yi mata.

Karatu ya tsaya cak. Ban taɓa jin zauren nan shiru haka da rana ba.

Baba ya ce shekara arba'in mutane suna kawo masa 'ya'yansu da sirrinsu, bai taɓa jin an ce wani abu ya fita ta ƙofarsa ba. In ta tabbata daga gidansa ne, shi da hannunsa zai kai mai laifin gaban hukuma. Ya raka mutumin har bakin babur.

Da ya dawo ya daka wa yara tsawa su ci gaba, ya miƙo mini bulala ya ce in kula da su. Na riƙe ta kamar ba a hannuna take ba.

Laraba, 24 ga Satumba, da yamma

Hoto na huɗu ya fito, na mutanen Ajingi. Ai an canza makulli. Ashe tun ranar farko aka kwashi abin da aka kwasa, kuma ba a san iyakarsa ba.

Alhamis, 25 ga Satumba, bayan La'asar

Na ari babur na je Ajingi. Na ce wa Iya farashin gyaɗa zan duba wa Baba, ban ma san me na ce ba.

Na sami Badruddeen a gindin darbejiya a ƙofar gidan kawunsa. Ya rame. Ya ce shi gwadawa kawai ya yi ya ga ko layin yana aiki, sai ga abu ya buɗe. Ya ɗauki hotuna don ya nuna wa wani abokinsa irin sakacin da ake yi. Abokin ya nuna wa wani. Daga nan shi bai sani ba. Ya rantse ba shi ya saka a guruf ba, na huɗun ma bai san daga ina ya fito ba. Ko gaskiya ne ko ƙarya, Allah masani.

Na ce to ya zo ya faɗi haka a gaban Alhaji Maiwada. Ya ciro waya ya nuna mini hoton kwalin. Rubutun ya fito tas. A gefe ga babban yatsan da ke riƙe da kwalin, da tabon lauje a jikinsa.

Ya ce, "Alaramma, hannun wa ke nan? Ni a hanya na tsinta. Ka ambaci sunana, ni ma ina da abin nunawa. Kuma ka tuna ɗan waye kai."

Na sa hannuna a aljihu. Duk hanyar dawowa, gero dama da hagu ya sunkuyar da kai, ni kuwa sau biyu na kusa faɗawa rami.

Yaron nan ya kamata a yi masa dukan da ba zai tashi ba.

Juma'a, 26 ga Satumba, bayan an sauko

An zauna a zauren mai unguwa. Baba da kansa ya kawo shawara, kowa ya karɓa: Juma'a mai zuwa, bayan salla, Yagana za ta yi alwala ta dafa Alƙur'ani ta rantse. In ta rantse, ta koma aikinta, Alhaji ya bi Mudassir da nasa binciken. In ta ƙi, a miƙa ta. Baba ya ce nasa zai kawo, wanda ya rubuta da hannunsa a Borno.

Liman ne ya tsara lafazin. Za ta ce ba ta faɗa wa kowa kalmar ba, ba ta rubuta wa kowa ba, ba ta nuna wa kowa ba, kuma tun da aka ba ta amanar kwamfutar nan babu wanda ya taɓa zama a gabanta sai ita.

Baba ya shigo gida da fara'a, rabon da in ga haƙoransa kwana goma sha biyu. Ya maimaita mata lafazin a tsakar gida tana tankaɗe. Na farko ta ce to. Na biyu ta ce to. Na uku ta ce to. Da ya faɗi na huɗu, rariyar ta tsaya a hannunta. Ba ta kalle ni ba. Wallahi da ta kalle ni da ya fi mini sauƙi.

Lahadi, 28 ga Satumba, da hantsi

Muna ɓarar gyaɗa, ni da ita, Iya ta shiga maƙwabta. Na yi ta ba ta labarin yadda Maikuɗi ya tsaya a titi da babbar riga, labarin da ta ji sau ɗari. Ta ɗan murmusa. Can ta ce, ba ta ɗago ba:

"Mus'abu, ranar furar nan da na dawo daga salla, kujerata ta yi ƙasa. Sai da na ɗaga ta."

Na buɗe baki. Ta ce ba tambayata ta yi ba, kada in amsa. Ta ce ita ta bar allon a buɗe, ita ta ce in zauna, kuma ita aka ba amana ba ni ba. Sannan ta ce in daina zuba ɓawo cikin tsabar, tun ɗazu take tsincewa.

Muka ci gaba da ɓara har Azahar.

Talata, 30 ga Satumba, bayan Asuba

Na kakare a tilawa, a wurin da ban taɓa kakarewa ba. Wani ƙaramin yaro ne ya ɗora ni. Layin can kuwa yana nan daram, ko ɗigo bai goge ba.

Laraba, 1 ga Oktoba, bayan La'asar

Ta faɗa wa Baba ba za ta rantse ba.

Ya tambaye ta sau uku. Sau uku ta ce ya yi haƙuri. Ya tambaye ta ko ta bayar ne. Ta ce ba ta bayar ba. Ya ce to me ya hana ta dafawa? Ta ce ya yi haƙuri. Iya ta zauna a ƙasa inda take tsaye.

Baba bai zage ta ba. Ya ɗauki buzunsa ya koma zaure, ya aiko a ce kada a ƙara kawo masa abincin da ta sa wa hannu.

Na bi ta ɗaki. Tana ninke farar rigar aikinta za ta aika wa Alhaji. Na ce Yaya, ni zan faɗa. Ta ce in rufa mata baki. Ta ce ita aikin boko ne, za a ce dama haka suke, a yi surutu a gaji. Ni kuwa in aka ji da haddar da Baba ya ɗura mini na yi wannan, zauren ne zai watse, kuma tsohon nan ba zai ɗauka ba. Ta ce 'yan sanda ba cin mutum suke yi ba. 

Na ce to. Wallahi to na ce. Na fito har ina jin wani sanyi-sanyi a raina, kamar an sauke mini kaya. Wannan sanyin shi ne abin da ya fi komai muni a littafin nan.

Alhamis, 2 ga Oktoba, da hantsi

Hajara ba ta fito ba yau. Duwatsun murhunta ne kawai a wurin.

Alhamis, bayan La'asar

Na je zaure in yi magana. Na durƙusa, na ce Baba. Ya ɗago, idonsa ja. Kafin in haɗa kalma ya turo mini allunan yara ya ce in duba musu, shi yau ba ya ganin baƙi sosai. Sai ya dafa kaina, abin da bai yi ba tun ranar saukata, ya ce:

"Kai kaɗai ka rage mini, Mus'abu."

Na duba alluna goma sha bakwai. Na gyara wa kowa kuskurensa.

Alhaji Maiwada ya aiko cewa gobe bayan salla a zo da ita zauren mai unguwa, daga nan a wuce ofishin 'yan sanda. Iya tana ta ƙulla mata ƙuli-ƙuli da garin kwaki a leda, kamar mai tafiya makaranta.

Juma'a, 3 ga Oktoba, da hantsi

Babu wani Injiniya. Babu Dakta, babu Alhaji, ko Wudil ban wuce ba sai sau biyu. Abdulmumin sunan ragon Iya ne da ya mutu bara, ni na raɗa masa. Na ari rigar Injiniya ne saboda da ita na iya rubuta abin da bakina ya kasa.

Ni ne Mus'ab ɗan Goni. Ni na zauna a kujerar. Ni na danna kibiya, kuma ba kuskure ba ne, na san abin da take dawowa da shi. Na kalli layin sau biyu don mai takalmi mai tsini ya ce babu mai iyawa a Gaya. Ni na zana shi a kwali don a yi wa Badruddeen dariya. Ban san makulli nake miƙawa ba, amma na san ba nawa ba ne. Yaya Yagana ba ta faɗa mini ba, ba ta nuna mini ba. Salla ta je.

Na san za a ce ƙarya nake don in ceci yayata, ɗan allo ina shi ina wannan. Saboda haka na rubuta layin a shafin ƙarshe, duka saba'in da huɗun. An riga an canza makullin, ba zai buɗe komai ba. A kira Injiniya Mudassir ya duba harafi-harafi a gaban kowa, ya kuma faɗi inda mutum zai iya ganinsa haka a jere in ba a allon da ya bari ba. Wanda yake son ƙarin shaida ya nemi wayar Badruddeen, ya dubi babban yatsana.

Hajara, da dattijon Balan, da sauran waɗanda ban ma san sunayensu ba, ba ni da abin da zan ba ku. Zan zo ƙofar kowa, in an bar ni a waje.

Yaya tana ɗaki tana guga, ta ce ba za ta je gabansu da hijabi a yamutse ba. Ba ta san zan riga ta ba. Za ta yi fushi.

Baba yana zaure shi kaɗai, yana naɗa rawani. Ba ya karanta boko, saboda haka da bakina zai ji. Daga shafin farko zan fara.